Jirgin filafili, jirgi mai inji ko na roba: wanne ya dace da kwana uku a kogin Isa?

Duk shekara, da zarar sanyi ya shigo Yamai, za ka ji abokai ko ƴan wata ƙungiya suna shawarar su bi kogi su kwana biyu ko uku a bakin ruwa. Gardamar ba ta wuce ta jirgi: wani ya ce ƙaramin jirgin masunta ya fi daɗi, wani ya ce sai mai inji, wani kuma ya ga jirgin roba a bidiyo ya ƙyasa. Kogin da kansa ne ke raba wannan gardama, don haka da shi za mu fara.

Kogin Isa, wato kogin Kwara, yana cika sau biyu a shekara a Yamai. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ruwan damina ke kawowa ta ƙananan kogunan Sirba da Dargol da Goruwal masu zuba a cikinsa, cike da laka da itatuwa, yana hawa da sauri yana sauka da sauri. Shi ne ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai cikin Satumban 2020, alhali tun daga 620 ake shelar babban haɗari. Sannan akwai ruwan Gine, wanda ya sauka can kan tsaunuka tun damina, ya yi watanni yana yawo a fadamun Mali, sai wajen Disamba da Janairu yake cika a nan. Wannan ruwa ya fi tsabta, yana hawa a hankali, ya rufe duwatsu da tudun rairayi. Daga Maris ruwa ya fara ja da baya, zuwa Mayu da Yuni sai ka ga shanu suna ratsa wasu wurare da ƙafa. A Yunin 1985 ma kogin tsayawa ya yi cak a Yamai.

Ke nan watannin tafiya su ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Jan ruwa ba na yawon buɗe ido ba ne: hadari yana tasowa da iska cikin minti kaɗan, sauro ya yi yawa, kuma inda kuka kafa tanti da yamma yana iya zama ruwa kafin asuba. Bazara kuma ga zafin da ya haura digiri 40, ga jirgi yana dunguri ƙasa, ga dorina ta taru a guraren da suka rage masu zurfi, wato daidai inda jirgi ke son bi.

Jirgin filafili

Ƙaramin jirgin katako da ake tuƙawa da filafili da gora yana ɗaukar mutum 3 zuwa 4 da kayansu, har da matuƙi. Idan yana bin ruwa, kilomita 4 zuwa 6 a awa yake yi, wato kilomita 20 zuwa 30 a yini idan an cire hutun rana da salla. Idan kuwa yana haurawa, matuƙi sai ya raɓi gaɓa yana dogara gora, tafiyar ta koma rabi ko ƙasa da haka. Daɗinsa shiru. Tsuntsaye ba sa tashi, kuna jin hirar masunta daga nesa, yana shiga cikin ciyawar burgu da ƙananan rassan kogi inda babba ba ya shiga. Ba ya shan isansi, wato man fetur, babu abin da zai lalace a jikinsa da tsumma da ƙusa ba za su gyara ba.

Aibinsa guda uku ne, kuma ba ƙanana ba. Ba shi da rumfa, rana tana kanku daga hantsi zuwa la'asar. Ba shi da wurin kaya: ruwan sha da girki na mutum 6 na kwana 3 kaɗai ya kai nauyin mutum biyu, za mu zo ga lissafin. Na uku, wanda ya fi duka, ba ya gudu. Idan kunama ta harbi yaro, ko wani ya kama gudawa da amai, ko aka ce muku ku bar wuri maza, filafili ba zai kai ku ko'ina kan lokaci ba. Ga shi kuma da santsin kifewa: mutum ɗaya ya miƙe tsaye don ɗaukar hoto, sauran su karkata gefe guda, shi ke nan.

Jirgi mai inji

Babban jirgin katako mai rumfa, wanda ƴan Yamai ke cewa pinas, da inji mai ƙarfin doki 15 zuwa 40 a bayansa, yana yin kilomita 10 zuwa 15 a awa, ya ɗauki mutum 6 zuwa 10 da kayansu a sake. Shi ne muke ganin ya fi dacewa da yawancin masu wannan tafiya, amma shi ne kuma ya fi buƙatar lissafi, domin duk abin da ke ɓata tafiyarsa daga inji yake fitowa.

Injin doki 15 mai cin gauraye, wato isansi haɗe da man inji, yana shan lita 4 zuwa 5 a awa idan ba a matsa masa ba. Awa 4 a yini, kwana 3, awa 12 ke nan, wato lita 60. Ka'idar masu ruwa ita ce a raba mai kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Don haka lita 90 za a ɗauka. Mai doki 40 yana iya shan ninki biyu na wannan ko fiye, kuma saurin da yake ƙarawa bai kai yawan man da yake sha ba. Yawancin waɗannan injuna ana haɗa musu man inji kashi 1 cikin 50: rabin lita a bidon, wato jarka, mai lita 25. Idan aka rage, inji ya ƙone. Idan aka zuba da yawa, buji, wato fulogin da ke ba inji wuta, ya yi baƙi, inji ya riƙa tari yana mutuwa. Isansin kwalba na bakin hanya yakan zo da ruwa ko ƙura, a tace shi da tsumma mai tsabta kafin ya shiga tanki.

Kafin ku biya ko dala, ku ce a tayar da injin a gabanku yana sanyi, ba wanda aka riga aka ɗumama ba. Ku duba bayansa: akwai wani siririn ruwa da yake fitarwa kamar fitsari, shi ne shaidar yana sanyaya kansa. Idan ya yanke ana cikin tafiya, leda ko kainuwa ta toshe mashigar ruwa a ƙasa, sai a kashe nan take, a ɗaga ƙafar injin a cire. Minti biyu ko uku na gardama sun isa su ƙone shi. Ku tambayi matuƙi kai tsaye: "Baba, ina farfelar ajiya? Ina buji biyu da makullinsu? Igiyar tayarwa fa, in ta tsinke?" Wanda ya ɗauko su daga ƙarƙashin benci ya nuna muku, ku riƙe shi. Wanda ya ce Allah zai kiyaye, gaskiya ya faɗa, amma ku nemi wani. Filafili biyu da gora guda dole su kasance a ciki ko da injin sabo ne fil.

Akwai dabarar hanya da ke rage wannan haɗari gaba ɗaya: ku fara haurawa, ku dawo da ruwa. Idan kuka nufi Bubon, mai nisan kimanin kilomita 25 sama da Yamai, inda ake cin kasuwa ran Laraba ana sayar da tukwane, injin ya mutu, kogi zai maido ku gida a hankali. Idan kuwa kuka gangara wajen Kollo ko Say, dawowa ce mai cin mai, kuma inji in ya mutu ƙara nisa kuke yi. Mai son gangarawa sai ya shirya motar da za ta ɗauko mutane, a biya matuƙi man dawowarsa shi kaɗai. A tuna kuma nisan ruwa ya fi na kwalta, kogi ba ya tafiya a miƙe.

Jirgin roba kuwa, wanda ake hurawa, an yi shi ne don ruwa mai tafasa tsakanin duwatsu, irin na Zambezi a ƙarƙashin gangaren Biktoriya ko farin Nilu a Jinja ta Yuganda. A can faɗinsa ne ke hana shi kifewa. A Yamai kogi shimfiɗe yake, faɗin nan sai ya zama kaya: iskar hunturu ta tura shi gaɓa, masu tuƙi su gaji kafin azahar. Ƙaya, ƙugiyar mamari da tsinin karan da aka sare suna huda shi. Idan aka hura shi tam da sanyin safe aka bar shi kan rairayi da rana, iskar ciki ta kumbura ta farke haɗin. Kuma ba kowane gari ne za a samu mai liƙe shi ba, alhali kowane gari yana da mai gyaran jirgin katako. Sai dai in da ƙaramin inji da gwani, a matsayin jirgin rakiya. Shi kaɗai, a'a.

Haɗin da ya fi kyau ga mai hali shi ne babba mai inji yana jan ƙarami a baya. Babba ya ɗauki kaya da nisa, ƙarami a shiga da shi lungu da safe da yamma.

Kafin jirgi, izini da matuƙi

Jihar Tilaberi ce ta kewaye Yamai, kuma sassanta da dama suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017. Hanyoyin da a da ake alfahari da su, kasuwar Ayoru ta ran Lahadi da gandun daji na W, ba wuraren da za a shirya wa kwana ba ne yanzu ba tare da hukuma ta ce a je ba. Wannan shi ya sa muke maganar kwana biyu zuwa uku kusa da gari, ba sati ba. A je wa jandarmomin ruwa da sunayen matafiya da hanya da wuraren kwana, a tambaye su iyakar inda aka yarda a kai, a sake tambaya ana gobe tafiya. Kowa da katin ɗan ƙasa a jikinsa, ba a jaka ba. Ba a tafiyar dare, ba a ɗaukar hoton gada ko wurin sojoji. Layin waya ya zama na kamfani biyu dabam, a bar wa mutum ɗaya a gida lokacin da za a kira shi kowace yamma. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Tsakanin ɗan jagora na gari mai Faransanci da tsari, da Basarke ko wani tsohon masunci da ya girma a wannan yanki na kogi, ba zaɓi ba ne, aikinsu dabam. Na farko ya iya takarda, abinci da ciniki. Na biyu ya san inda dutse ke kwance, inda dorina ta haihu bana, da maigarin da za a gaida. Idan kuɗi na mutum ɗaya ne, a ɗauki na biyu. Kuma matuƙin da ya san ruwan Bubon ba lalle ya san na Say ba, ku tambaye shi yaushe rabonsa da hanyar. A rubuta yarjejeniya: kwana nawa, wa ke sayen isansi, wa ke ciyar da matuƙi da yaronsa, me za a yi in inji ya lalace. Rabin kuɗi kafin tashi, rabi bayan dawowa.

Lodi da rigar ceto

Yawan lodi ne ke kifar da jirage a kogin nan fiye da komai. Bayan kowa ya zauna da kaya, daga fuskar ruwa zuwa bakin jirgi ya zama aƙalla taƙi guda na babban mutum. In bai kai ba, a sauke wani abu. Masu nauyi, wato bidon da buhu da butel ɗin gas, a ƙasa a tsakiya, a kan katako biyu don kada su jiƙa, a ɗaure su. A bar gurbin kwalfe ruwa a buɗe, da yankakken bidon a wurin.

Rigar ceto ɗaya ga kowane mutum, a jikinsa, ba a ƙarƙashin zama ba. Ta manya a nemi mai alamar 100 N, wato ma'aunin ƙarfin ɗaga mutum a ruwa. Gwajinta: a ɗaure, wani ya kama kafaɗunta ya ja sama, in ta haura kunnuwa, za ta zame a ruwa. Ta yara sai mai igiyar da ke ratsa tsakanin ƙafafu. Wasu matuƙa za su ce bidon fanko ya isa. Gaskiya yana ɗaga mutum, amma hannun da ya firgita ba ya riƙe roba mai santsi. Babbar riga, dogon hijabi da zane suna shan ruwa su naɗe ƙafa, don haka wando da riga mai dogon hannu marar nauyi sun fi, ga mata da ɗankwali ko gajeren hijabi da za a cusa cikin rigar ceton. Takalmi mai maɗauri, ba silifa ba: laka tana ƙwace silifa a takun farko.

Don kare kaya daga ruwa, tano, wato duro, na roba mai murfi da zoben ƙarfe ya fi jakar ruwa ta kanti araha da ƙarko, ga shi ya zama kujera a sansani. Jakar ta fi sauƙin cusawa, amma sai an naɗe bakinta sau 3 kafin a ɗaure, kuma ƙaya tana huda ta. Ko wanne kuka zaɓa, ku sa jarida a ciki ku nutsa shi a baho tun a gida. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Ruwa: ɗauka ko tacewa

A lokacin sanyi mutum yana buƙatar lita 4 zuwa 5 na sha, da 2 zuwa 3 na girki da shayi. A ce lita 7. Mutum 6, kwana 3, lita 126, bidon 5 masu lita 25 da ɗan ƙari, kilo 126. Babban jirgi zai ɗauka, ƙarami ba zai iya ba, kuma kada a manta matuƙi da yaronsa suna cikin lissafi. Mai ƙaramin jirgi dole ya gyara ruwan kogi: a ɗebo daga tsakiya inda yake gudu, a juya ɗan alif, wato alam, a ciki a bar laka ta kwanta, a tsiyaye ta tsumma, sannan a sa ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 a lita 20, a jira minti 30. In ruwan bai washe ba, ƙwaya biyu. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe komai. Tafasawa na minti ɗaya ta fi tabbas, sai dai tana cin gas. Ruwan jabel, wato bilic na wanki, ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, zafi kuma yana kashe shi, shi ya sa ƙwaya ta fi. Bidon da ya taɓa isansi ba ya komawa na ruwa, a ɗaura wa na mai jan tsumma.

Wanka da alwala ma da gyararren ruwa. Tsargiya ba ta bakin mutum take shiga ba, ta fata take bi, kuma ta fi yawa a ruwa mai kwanciya cikin ciyawa kusa da gari, wato daidai inda ake son tsayawa. Wanda ya shiga ruwa ya ga jini a fitsari ko zazzaɓi bayan makonni, ya gaya wa likita ya je kogi. Akwai maganinta, Praziquantel.

Abinci ba ya son dogon bayani. Shinkafa giram 150 ga mutum a kowane girki, girki biyu a yini, kusan kilo 5 da rabi ga mutum 6 na kwana 3. Taliya, mai, albasa, tumatirin gwangwani, garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi da dabino don rana. Fura da nono na ranar farko ne. Ƙanƙara a kula ba ta wuce kwana biyu. Kifi a saya wurin masunta da safe, amma kada a dogara da shi. Butel ɗin gas mai kilo 6 ya ishi tafiyar har da saura, kuma ya fi gawayi da itacen bakin kogi, wanda galibi yana da mai shi. Abu ɗaya da ba a sasantawa: ba a dafa shayi a cikin jirgi. Murhun gawayi a tsakanin ƙafafu, iska tana ɗaukar tartsatsi, lita 90 na isansi taku biyu a baya. A jira gaɓa.

Kwana: tanti, sange ko cikin jirgi

Sange, wato gidan sauro mai magani, a kan tabarma da sanda huɗu, ya fi sauƙi da iska, amma ba ya tare raɓa da sanyin asuba na Janairu, wanda ke sauka wajen digiri 15, kuma a bakin ruwa da jiƙaƙƙen kaya ya fi haka cizo. Dole a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta ko'ina. Tanti mai raga da ƙasa a ɗinke yana tare sauro da kunama da raɓa, ya ba mata da yara sutura. Matsalarsa ƙusoshinsa ba sa kama rairayi: a ɗaura igiya a tsakiyar sanda, a binne ta a kwance zurfin taƙi ɗaya da rabi. Kwana cikin jirgi a bar wa matuƙi, ya saba, kuma shi ne gadin inji. Kowa da bargo, da katifar soso siririya, don rairayi yana zuƙe ɗumin jiki. Wanda zazzaɓi ya kama a hanya ko cikin sati biyu bayan dawowa, gwaji nan take.

A tsaya tun la'asar sakaliya, ido na gani. A je a gaida maigari ko mai gonar kafin a sauke ko tabarma. Sannan a bi gaɓa a duba: idan akwai faffaɗar hanya mai santsi da ta fito daga ruwa ta shiga ciyawa, da manyan sawu masu yatsu huɗu da kashi a warwatse kan ganye, hanyar dorina ce, da dare take fitowa kiwo, kuma ba ta kauce wa tanti. A matsa gaba. A cikin ruwa ma haka: tana iya nutsewa minti 5, don haka matuƙi kan buga gefen jirgi don ta ɗago a san inda take. Ba a ratsa tsakaninta da zurfi, ba a kusantar mai ɗa, kuma hammar da take yi ba ta barci ba ce, gargaɗi ne.

A ɗaure jirgi da igiya biyu, gaba da baya, a soka sanda daidai bakin ruwa don a ga ko ya hau ko ya sauka kafin safe. A watan Maris jirgin da aka ja gaɓa sosai yakan wayi gari a kan busasshiyar ƙasa. Bayan gida taku 70 daga ruwa, rami mai zurfin taƙi guda, a rufe. Leda da gwangwani a buhu su dawo Yamai. A akwatin magani a sa bandeji, maganin wanke rauni, Paracetamol da gishirin gudawa guda 10, kowane ƙulli a lita ɗaya. In ya ƙare, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita. Da safe kowa ya kakkaɓe takalminsa kafin ya sa ƙafa, kuma a tashi da wuri: iskar hunturu tana ƙarfi ne daga hantsi, awannin farko na safiya su ne ruwa ya fi kwanciya.